Dokin da Ba Ya Juyawa Dama

A ƙauyenmu, can gefen Gubuchi, in aka ce mutum yana da doki, aiki ake nufi, ba hawa ba. Mahaifina manomin rake ne, kuma mai yin mazarƙwaila, sana'ar da ya gada wurin nasa uban. A bakin fadamarsa akwai tsohon injin matsa na ƙarfe, da dogon itace a kansa. Ana ɗaura doki a ƙarshen itacen, ya yi ta zagaye, ƙarafan suna juyawa, mutum ɗaya yana cusa rake, ruwan yana zuba a daro, daga nan sai kasko a kan wuta. Da ƙamshin nan na tashi a hancina. Har yau in na ratsa ta wurin masu sayar da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi sai na tuna gida.

Dokin ƙarshe da Baba ya yi bidi ne, kuma launin nan shi ya zama abin kiransa. Tun yana ɗan duƙushi ya saye shi, ya hore shi da kansa. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ni da na yi karatu har na zama malamin makaranta a Ikara, abin da na samu daga bakinsa bai wuce "To, madalla" ba. Amma bidi, kullum da yamma sai an taje masa geza, ana shafa wuyansa, ana ba shi labarin tsadar taki da na wanda ya rasu a unguwa. Inna takan ce shi ne autan gidan, wanda ake kira auta cikinmu riƙon ƙwarya yake yi.

Sai Yayana, babbanmu, wanda gonar ta koma hannunsa, ya sayo inji mai shan mai. Abin da bidi yake wuni yana matsewa, injin yakan gama kafin hantsi ya ɗaga. Na so in ga laifin Yaya, na neme shi ban samu ba, mutum ne mai iyali da yawa kuma duk maƙwabta sun riga shi. Baba ma bai ja da shi ba. Cewa ya yi, "Zamani riga ne," ya kwance dokin daga itacen ya kai shi turke.

Doki a turke ba ya daina ci don ya daina aiki. Harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada, gwiwoyin Baba kuma sun fara ƙin zuwa yankan ciyawa. Ba a jima ba wasu mutane suka fara leƙo gidan, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin dawaki da jakuna su loda a tirela su yi kudu da su. Kowa ya san ba hawa za a kai su ba. Ranar da Yaya ya kawo maganar sayar musu da bidi ina nan, na zo hutun ƙarshen mako.

"Baba, sabo da kaza ba ya hana yanka ta," in ji Yaya, kansa a ƙasa.

Baba ya dube shi. "Kaza ce ta ciyar da ku?" Ya gyara zama. "Muddin ina numfashi ba zai hau motar nan ba."

Amma duk mun san numfashin nasa ya fara gajarta, kuma shi ya fi mu sani. Ranar da ya kwanta dama, masu tirela za su dawo, kuma Yaya ba zai iya ce musu a'a ba. Abin da ya dami Baba ke nan, ya samar wa dokin nan wurin zama tun yana da ƙafar kai shi.

Ƙanenmu, autan, shi ya zo da shawara. Yana aiki a wani wurin shaƙatawa na masu hali, can wajen Kaduna, inda ake wasan ƙwallon dawaki, wanda suke kira folo. A barga yake, yana wanke dawaki yana motsa su. Da ya zo gida hutun Salla ya buɗe wayarsa yana nuna wa Baba hotuna. Baba ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Wannan filin duk, me aka shuka?"

"Ciyawa ce, Baba. Har ban ruwa ake mata da rani."

"Ta dabbobi?"

"A'a, ta wasa ce. Aske ta ake yi."

Baba ya miƙa masa wayarsa ya ce, "Allah mai iko."

Auta ya ce ba dawakin gasa kaɗai ake riƙewa a wurin ba. Akwai manyan mutane da matansu da suke zuwa koyon wasan, kuma mai koyo doki mai sanyin hali yake bukata, wanda ba ya firgita, ba ya harbi. A nan kuwa bidi ba shi da na biyu. Dokin da ya shekara da shekaru kusa da wuta da hayaƙi da ihun yara, me zai firgita shi? Washegari auta ya ɗaura masa sirdi ya hau, suka bi jar hanyar da ta nufi Dandamisa. Muka tsaya muna kallo. Wallahi dokin nan ya yi gudu kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa. Ya yi haka kwanaki a jere, ya je ƙarshen hanya ya juyo ya dawo, mu kuwa sai murna. Babu ɗayanmu da ya lura ta wane hannu yake juyowa.

Bayan Salla muka ɗauki hayar a-kori-kura. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ƙi zama a gaba, ya ce dokin bai taɓa hawa mota ba, a bar shi kusa da shi. Haka muka wuce Zariya, ni a gaba kusa da direba ina waiwaye, dattijo a baya kan buhun harawa, hannunsa riƙe da ragama, iska tana kaɗa masa riga.

Da fushina na tafi. Tun a hanya na shirya maganganun da zan mayar in wani ya raina ubana. Ƙofar wurin kanta ta ƙara min, masu gadi da kaki, fararen gidaje a jere, furanni, wurin wanka shuɗi shar a tsakiyar fili, mutane zaune ƙarƙashin lema suna shan shayi da lemo da hantsin Allah. A bargar har fanka ke juyawa a kan dawaki, ajina kuwa a Ikara ko silin kirki babu. Sai ga shugaban bargar ya fito, wani dattijo siriri mai furfura a gemu. Yana ganin Baba sai ya durƙusa masa har ƙasa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi damina da jikin tsufa, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi, na mutum da na doki. Fushina ya rasa inda zai zauna, na yi ta riƙonsa ban san yadda zan yi da shi ba.

Baba ya bi ɗakunan dawakin ɗaya bayan ɗaya. Dogaye ne, wasu an ce daga ƙasashen waje aka kawo su, fatarsu tana sheƙi. Amma duk an aske musu geza ƙwal, an naɗe wutsiya an ɗaure, an nannaɗe ƙafafu da ƙyalle.

"Ciwo suke yi?" Baba ya tambaya a hankali.

Shugaban barga ya ce a'a. Gezar ana aske ta ne don kada ta sarƙe da linzami, wutsiya don kada ta kama sandar bugu, ƙyallen kuma kariya ne daga ƙwallo. Baba ya gyaɗa kai, ya waiwaya ya dubi bidi da gezarsa har kafaɗa.

Aka ce mu fara kallon wasa kafin a gwada namu. Muka tsaya a bakin fili, nesa da rumfar baƙi. Ni ban fahimci dokokin ba, abin da na gani mahaya ne da hulunan kwano da dogayen sanduna, suna bin wata 'yar farar ƙwallo, ƙasa tana rawa in sun taho. Na zaci Baba zai ce wasan banza ne. Ashe shi ƙafafun dawakin yake kallo. Doki yana tsakiyar sukuwa sai ya ci birki, ya juya a kan ƙafar baya, ya koma inda ya fito, wani ya goga kafaɗa da shi ya ture shi, babu wanda ya faɗi. Baba ya riƙe haɓa.

"Kai, wanda ya hori waɗannan ya san doki," ya ce.

Da ya ga ana canja su bayan ɗan lokaci kaɗan, suna fitowa jiƙe sharkaf, sai ya ɗan yi murmushi ya matso kusa da kunnena. "Namu wuni yake yi." Ban taɓa jin alfahari a muryarsa kamar na ranar ba.

Da aka tashi daga wasan, auta ya hau bidi ya shiga fili da sanda a hannu. Shugaban barga ya jefa ƙwallo gaba. Bidi ya bi ta a miƙe, bai ji tsoron sandar da ke wucewa gefen fuskarsa ba, bai ji tsoron ƙarar bugun ba. Shugaban barga ya ce, "Madalla, yana da hankali." Sai ya jefa wata ƙwallon ta hannun dama.

Auta ya ja linzami dama. Bidi ya sandare wuya. Ya sake ja, ya sa dunduniya. Dokin ya tsaya cak, kamar mai tunani, sannan ya sunkuyar da kai ya juya hagu. Kuma bai tsaya ba. Ya rage tafiya zuwa irin takun nan da na sani tun ina yaro, ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu, a kan sawunsa, faɗin da'irar daidai tsawon itacen injinmu. A tsakiyar filin nan mai tsada, dokin Baba yana matsar raken da babu.

Daga rumfa aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, ko ni da ba namu ba ne da na dara. Amma na ji ta har cikin ƙashina. Auta ya sauko, ya kama ragama ya ja shi dama da hannu. Dokin ya bi, yana tafiya a karkace, ana sakinsa ya koma hagu. Shekarunsa duka ta hannu ɗaya ya yi su, naman wuyansa ma ta nan ya ginu. Mu da muka saba ganinsa a wannan aikin, mu ne ba mu gani ba, don a wurinmu haka doki yake juyawa.

Shugaban barga ya buɗe bakin dokin ya duba haƙora, ya shafa wuyan ta gefe da gefe. Sannan ya zo gaban Baba.

"Baba, ka yi haƙuri. Da yaro ne da mun gwada gyara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na ɗora mai koyo a kansa, ƙwallo ta yi dama, wani ya taho ta hagu, karo za a yi."

"Gaskiyarka," in ji Baba. "Ba laifinsa ba ne. Abin da na koya masa yake yi."

Ya karɓi ragamar daga hannun auta. A raina na ga tirelar nan tsaye a ƙofar gidanmu, kuma na san shi ma ita yake gani. Muka nufi inda a-kori-kura take.

Hanyar ta bi ta bayan barga, inda akwai wani ɗan fili zagayayye da aka kewaye da katako, an zuba yashi. Nan ake ɗora 'ya'yan baƙi a kan doki a zagaya da su, iyaye suna ɗaukar hoto. Wani ƙaramin doki ne a ciki, ya gaji da duniya, ana jansa yana turjewa, wata yarinya a kansa tana kuka tana miƙa hannu wurin uwarta. Shugaban barga, da ya rako mu, ya tsaya. Ya dubi filin, ya dubi bidi.

"Baba, ara min shi."

Aka shigar da shi. Baba bai jira a tambaye shi ba, ya tsaya a bakin katako ya yi ɗan ƙyacci da harshe, irin wanda yake yi masa da asuba a fadama. Bidi ya sunkuyar da kai ya kama hagu. Babu mai jansa, babu mai kora. Takunsa ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Aka tambayi uwar yarinyar, ta yarda aka ɗora ta. Zagaye na farko tana shessheƙa, auta yana tafiya a gefenta. Can sai ta kama gezar da hannu biyu ta yi shiru. Da aka zo sauke ta, sabon kuka ta sa.

Shugaban barga ya ce in Baba ya amince a bar bidi a nan. Zai ci abin da sauran suke ci, likitan da ke duba su zai duba shi, in ƙarfinsa ya ƙare kuma akwai makiyaya a baya inda tsofaffinsu suke hutawa. Baba ya sa ya maimaita wannan ta ƙarshen. Sannan ya tambayi abu ɗaya.

"Gezar fa?"

"Shi ba wasa zai shiga ba. Yara ma ita za su riƙe."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," ya juya mana baya na ɗan lokaci.

Kafin mu tafi ya tsayar da auta yana yi masa bayani, kamar ba a gida ɗaya suka zauna da dokin ba. Kada a ba shi ruwa yana cikin gumi. A riƙa sa masa kanwa. In ya ƙi ci a nemo masa ganyen rake. Ya zaro guntun mazarƙwaila daga aljihun rigar Juma'ar ya ba dokin a tafin hannu, ya shafa wuyansa ta gefen hagun nan mai kauri. Bai yi masa doguwar sallama ba. A komowa ya yarda ya zauna a gaba, tsakanina da direba.

Na ɗauka mun yi nasara, kuma ta wata fuskar mun yi. Duk ranar Juma'a auta yakan kira wayata in ina gida, in kai wa Baba. Tambayar ba ta canjawa.

"Yana ci?"

"Yana ci, Baba. Har ya yi ƙiba."

"Yana aiki?"

"Yana yi. Ranar Asabar da Lahadi layi yara suke yi."

Wata Juma'a, da ya miƙo min wayar, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To, ɗayanmu dai ya samu aiki."

Duk tsawon lokacin nan mu uku, da karatuna da injin Yaya da wayon auta, dokin muke ta nema wa wuri. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa su biyu aka kwance daga itacen nan rana ɗaya. Injin Yaya ba ya bukatar mai ƙyacci, yaran da ya ɗauka ba sa tambayar kowa yadda ake gane kasko ya nuna. Da, ko ba komai, akwai geza da za a taje da yamma. Mun ɗauke wannan ma.

Inna ce ta gaya min inda yake zuwa bayan sallar asuba. Wata safiya na bi shi daga nesa zuwa fadama. An daɗe da cire tsohon injin, an jingine ƙarafan a gindin mangwaro, amma sawun da'irar yana nan, ƙasa ta daddale ta yi fari, ciyawa ba ta fitowa. Baba yana kai, da sandarsa, yana tafiya a hankali, hannu ɗaya a baya. Ta hagu yake zagayawa. Na tsaya a bayan rake ban bari ya gan ni ba, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Da ya dawo gida na tambaye shi ina ya je, ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa gwiwa.

Bai kai damina biyu ba bayan haka. Ya rasu a ɗakinsa, da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ana zaman makoki na hangi ɗaya daga cikin mutanen tirela ya zo gaisuwa, ya yi addu'a, da zai fita ya saci kallon turke. Babu komai a wurin sai tsohuwar igiya. Wannan kam Baba ya riga su, kuma na ji sanyi a raina.

Dokin ya fi shi daɗewa. Na je na gan shi sau ɗaya, ana babbar gasa, motoci sun cika wurin, ana kiɗa a rumfa, mata da maza sun sha ado. Ban kalli wasan ba. Na zagaya baya na jingina da katako. Ya tsufa, bayansa ya ɗan lotsa, wani ya yi masa kitso a geza da zare mai launi, abin da na san Baba ba zai so ba. Na gwada ƙyaccin nan, ban iya shi daidai ba. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya ci gaba da tafiyarsa da yaron wani a bayansa.

A shekarar da ta biyo baya Yaya ya ce filin bakin fadama yana zaman banza, ya sa aka shiga da garmar shanu aka shuka masara. Ban hana shi ba, ƙasa ta noma ce. Amma garmar ba ta ci wurin sawun sosai ba, ƙasar ta yi tauri da yawa. Da masara ta tashi, ko'ina ta yi tsawo ta yi duhu, sai a nan ta fito gajera, rawaya, a zagaye. Yaya ne ya kira ni da kansa ya ce in zo in gani. Muka hau kan tudu muka tsaya, mu biyu, muna kallon da'irar a tsakiyar gona. Na ce masa in ya ƙara taki baɗi za ta gyaru.

Ya ce, "A bar ta haka."